Raƙumin da Baffa Ya Gyara

Allah ya yi wa ƙasar Gumel baiwa iri-iri, gero da riɗi da kankana da dabbobi, amma ni a ganina bai cika mata ni'imarsa ba sai a shekarar 1997, ranar da motar Kano ta sauke Baffa Ɗan'azumi a tasha da kwalaye uku da baƙin tabarau. A cikin kwalayen akwai kwamfuta. A bayan tabarau akwai Baffa. Tun daga ranar garinmu ya shiga sahun manyan biranen duniya, ko da yake har yanzu ba a sanar da sauran biranen ba.

Wata uku cur bawan Allah nan ya yi yana karatu a wani ɗaki da ke saman bene a Kano. In ka ji shi yana ba da labarin watannin nan uku, sai ka rantse shekara bakwai ya yi a ƙetare. Ya bar mu yana Baffa mai rubuta allon shago, wanda ya zana wa rabin masu askin garin nan kawuna marasa wuya, ya dawo mana yana Injiniya. Kafin sati ya zagayo ya duba ya ga Injiniya ta yi masa kaɗan, sai ya naɗa kansa Babban Daraktan Zane-zane, Tsara Shafi da Fasahar Ba da Labari da Ido. Mu da ba mu da dogon numfashi muka taƙaita masa, muka ce Dakta Kwaskwarima. Ya ji, ya ɗauki Daktan, ya bar mana sauran.

Wanda Allah ya jarraba da ɗaukarsa aiki shi ne Mista Ephraim, mutumin Pankshin, tsohon jami'in yaɗa labarai da ya shekara ashirin a Gumel har Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Da ya yi ritaya sai ya buɗe 'yar jarida mai shafi takwas, Fitilar Iyaka, wadda ke fitowa wata-wata. Shi ke neman labari, shi ke rubutawa, shi ke share ofis, shi ke ɗaure jaridar a bayan babur ya raba ta daga Gumel zuwa Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. A da, da almakashi da gam yake haɗa shafi kafin a kai Kano a buga. Da ya ga kwamfutar Baffa ta jera rubutu tsaf cikin minti biyar, sai mamaki ya kama shi, ya kai wa matarsa almakashin ya ce ta riƙa yanka yadi da shi. Wannan kyautar ita ce kuskure mafi girma da ya yi tun zuwansa Arewa.

Kwamfutar nan ta samu gata. An lulluɓe ta da farin leshi. Ba a shiga wajenta da takalmi. Wanda ya ci albasa ba ya numfashi kusa da ita. Fanka ɗaya ce a ofishin, kuma tata ce, don haka Mista Ephraim yake rubuta labaransa gumi na ɗiga a kan takarda, ita kuwa tana shan iska. In wuta ta ɗauke, Baffa yakan miƙe tsaye ya yi shiru na minti ɗaya.

Da yamma 'yan zaman banza kan taru a bakin taga su leƙa, shi kuma ya juyo da kujera ya yi musu karatu kyauta.

"Jama'a," in ji shi, "ku da kuke kallon duniya da idon da aka haife ku da shi, wallahi ina tausaya muku. Mai ɗaukar hoto yana kwaso abu ne yadda ya same shi a ƙasa. Ni kuwa ina fito da abu yadda ya kamata a ce ya kasance. Wannan shi ake kira fasaha. A Kano har tafi aka yi mini a kan wannan maganar."

Mun yi ta neman wanda ya ji tafin nan ba mu samu ba, amma Kano da girma take.

Ba a daɗe ba fasahar ta fara aiki. Wani ɗan kwangila, wanda ba zan kama sunansa ba, ya haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye kusa da Gagarawa Tasha, aka yi wata uku ko ɗigo ba ta yi ba. Mista Ephraim ya je ya gani, ya rubuta labari mai zafi, ya kawo hoton wani dattijo yana ta buga famfo a banza. Baffa ya dubi hoton ya ga bakin famfo a bushe, abin ya tsaya masa a rai. Shafin farko guda, a bar shi da ƙishirwa? Ya samo wata kalanda mai hoton ruwa yana kwararowa daga kan dutse, ya ɗora ta a kan na'urar da ke kwafe hoto ta shigar da shi cikin kwamfuta, ya gutsuro ruwan, ya liƙa a bakin famfon. Jarida ta fito. Rubutu ya ce babu ruwa, hoto ya ce ambaliya ake yi. Masu karatu suka gaskata rubutu. Waɗanda ba su yi boko ba, kuma su ne suka fi yawa, suka gaskata idonsu. Washegari mata da jakuna da jarkoki daga ƙauye uku suka yi layi a gaban busasshen famfo har azahar.

Mista Ephraim ya dawo yana huci. Baffa ya tare shi da fara'a.

"Oga, ka ga ƙarfin hoto ko? Shekara nawa kana rubutu, ka taɓa tayar da ƙauye uku a safiya ɗaya?"

Wata na gaba aka ce ya zana taswirar ƙananan hukumomin nan huɗu. Ya zana, ta yi kyau, sai dai Sule Tankarkar ta matse masa wata kusurwa inda yake son sa fure. Ya kama ta da linzamin kwamfuta, ya ja ta sama, ya ajiye ta cikin Nijar. Mutanen garin sun kwana 'yan Nijeriya, suka wayi gari suna Damagaram, ba wanda ya nemi shawararsu. Mista Ephraim ya buga ban-haƙuri a fitowa ta gaba. Baffa ya kewaye ban-haƙurin da furanni.

Duk wannan abin dariya ne, kuma mun yi dariyar har da riƙe ciki. Sai bazarar 1998 ta kawo Sajo.

Sajo manomi ne daga wani ƙauye a bayan Sule Tankarkar, mutum mai kimanin shekara hamsin, mai baki tara a gida da raƙumi ɗaya. Da damina raƙumin ke ja masa garma, ya yi huɗar gonarsa ya yi ta maƙwabta. Da rani shi ke ɗauko gero da kara da ruwa. In ka cire raƙumin nan daga gidan Sajo, abin da ya rage shi ne Sajo da fartanya da yara masu jiran tuwo. Wata safiya ya zagaya bayan gida ya tarar da turke da guntun igiya. Ya bi sawu har sawu ya ɓace a kan hanyar mota. Ya yi kwana goma sha biyu yana yawo ƙauye-ƙauye, takalminsa ya tsinke, sannan wani ya ba shi shawara ya kai cigiya jarida, tunda Fitilar Iyaka tana kan teburin kowane mai shayi har bakin iyaka.

Hoto ɗaya tak yake da shi na raƙumin, wanda aka ɗauke su tare a kasuwar Maigatari shekara biyu da suka wuce. Matarsa A'i ce ta ciro shi daga ƙasan kwallarta, a naɗe cikin leda biyu, ta ce ya kula da shi.

A nan dole in faɗi gaskiya: raƙumin Sajo ba kyakkyawa ba ne, kuma bai taɓa cewa shi kyakkyawa ne ba. Kunnensa na hagu a tsage yake gida biyu. A wuyansa akwai tabon lalas, wato ƙunar ƙarfe mai zafi, mai kama da sawun kaza. Tozonsa ya kwanta gefe ɗaya. Leɓensa na ƙasa yana reto kullum, sai ka ce an gaya masa wata magana ya kasa mayarwa. Amma duk wanda ya taɓa shiga kara, wato kasuwar dabbobi, ya san ba a gane dabba da kyaunta. Da tabonta ake gane ta. Tsagar kunne da lalas su ne sunan raƙumi da sunan ubangidansa.

Mista Ephraim ya zaunar da Sajo, ya ba shi ruwa, ya rubuta alamomin nan ɗaya bayan ɗaya.

"Yallaɓai," in ji Sajo, "ni dai a gan shi kafin ruwa ya sauka. In shuka ta wuce ni, ban san abin da zan gaya wa yaran nan ba."

"Ka kwantar da hankalinka, Malam Sajo. Da yardar Allah duk mai ido zai gane shi."

Ya miƙa wa Baffa hoton da takardar, ya hau babur ya tafi Gagarawa neman labari. Da ma a ce tayar babur ɗin ta yi faci a ƙofar ofis.

Baffa ya ɗaga hoton da yatsa biyu. Ya cire tabarau, ya mayar. Tausayi ya kama shi, ba na Sajo ba, na shafi na biyar.

"Wannan ai ba raƙumi ba ne," in ji shi ga 'yan taga, "wannan tsautsayi ne. Amma ya yi sa'a. Ya faɗo hannun likita."

Kwana uku Dakta yana tiyata. Ya kwafo kunnen dama mai lafiya, ya juya shi, ya dasa a hagu. Ya bi tabon lalas ya shafe shi tas, wuya ya koma sumul. Ya tayar da tozo ya tsaya ƙiƙam. Ya ɗage leɓe har raƙumin ya fara wani ɗan murmushi. Ya ƙara masa fari, ya ƙara masa tsawon ƙafa, ya ƙara masa gashin ido. Ya dubi Sajo da ke riƙe da akala cikin riga mai faci, ya ga ba shi da gurbi kusa da irin wannan dabba, ya goge shi. Kasuwar da ke bayansu ma ya kwashe ta, ya shuka dabino. Da ya zo kan bayanin da Mista Ephraim ya rubuta, na kunne da lalas da tozo, sai ya ga rubutun yana tare wa hoton iska. Ya share shi, ya bar CIGIYA da manyan baƙaƙe masu inuwa, da sunan Sajo da ƙauyensa a ƙasa, ƙanana.

Hoton asali kuwa, wanda A'i ta ce a kula da shi, Dakta ya yayyaga ya zuba a kwando. Haka yake yi wa kowane hoto in ya gama da shi. A cewarsa, ba a taɓa jin likita ya mayar wa majinyaci ƙarin da ya yanke masa ba. Ya ɗauki shafukan da kansa ya kai Kano, aka buga.

Kai, jarida ta yi farin jini a watan nan! A teburin mai shayi ana ta miƙa ta hannu-hannu. Wani ya ce wannan raƙumi ko a Agadas sai an tara. Wani ya yanke shafin ya manna a shagonsa. Wata tela ta ce gashin idonsa ya fi na ƙanwarta. Duk ƙasar nan aka shiga neman farin raƙumi mai murmushi a gindin dabino, aka yi ta wuce na Sajo ba a waiwaya ba.

Shi kansa Sajo a Sule Tankarkar ya ci karo da jaridar a hannun wani malamin makaranta. Ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai.

"Allah sarki, ashe ba ni kaɗai ba ne. Wane bawan Allah ne kuma ya yi asarar wannan?"

Malamin ya karanta masa sunan da ke ƙasa. Sajo ya nemi wuri ya zauna.

Amma Allah bai manta da shi ba. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, yana ratsa kara kamar yadda ya saba yi kowane mako tun da abin ya faru, sai ya hango wani leɓe yana reto a can cikin raƙuma. Ya kutsa. Ga kunne a tsage, ga sawun kaza a wuya, ga tozo a kwance. Sajo ya rungume wuyan raƙumin yana kiran sunan Allah, hawaye na zuba, bai damu da masu kallo ba.

Akalar kuwa tana hannun wani dillali da ake kira Kyauta, mutum mai zaƙin baki da saurin ido, wanda ya ce shi daga hannun wani baƙo ya karɓo dabbar a tsallaken iyaka. Aka yi cirko-cirko, aka ɗunguma gaban Sarkin Kara, Alhaji Hamma. Dattijo ne da bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ya shekara hamsin yana karanta fatar dabba. Sajo ya lissafa alamomin raƙuminsa. Kyauta ya yi dariya.

"Ranka ya daɗe, ai duk wanda ke tsaye a nan zai iya faɗin haka, tunda ga raƙumin a gabansa yana kallo. Ni kuwa ina da shaidar da ya bayar da kansa tun kafin yau."

Ya zaro Fitilar Iyaka daga aljihu ya buɗe shafi na biyar.

"Ga cigiyarsa, ga sunansa, ga raƙuminsa. Ina tsagar kunne? Ina lalas? Malam, naka fari ne mai kyau, je ka nemi abinka. Allah ya bayyana maka shi."

Jama'a suka leƙa takarda, suka dubi raƙumi, suka koma takarda. Har waɗanda suka tausaya wa Sajo suka fara sunkuyar da kai. Sajo ya rantse, ya ce zai kawo maƙerin da ya yi lalas ɗin da mai unguwarsu. Kyauta ya ce mutanen ƙauyensa ai bayansa za su bi, takarda kuwa ba ta da dangi. Sarkin Kara ya sa aka ɗaure raƙumin a gidansa, ya ce Alhamis mai zuwa a zo masa da shaidun, a zo masa kuma da wanda ya yi hoton. A makon nan hadari ya fara haɗuwa a gabas, maƙwabtan Sajo duk sun gama sharar gona.

Da labari ya iso Gumel, Mista Ephraim bai yi ihu ba, abin ya wuce ihu. Ya ja kujera ya zauna a gaban Baffa, da takalminsa, kusa da kwamfuta.

"Baffa, abincin gidan mutum ne a hannunka. Za ka je ka gaya musu ka taɓa hoton nan. Kalma uku ce: ni na canza."

"Oga, ban canza ba. Ɗaukaka shi na yi."

"To ka ce ka ɗaukaka kunnen, ka ɗaukaka wuyan. Ko ma me za ka kira shi, ka dai faɗa."

"Ka bar ni da su, Oga. Mutanen kara ba su taɓa jin lacca a kan fasaha ba. Wannan dama ce gare su."

Ranar Alhamis Dakta ya sa kwat da laktaye da hula a tsakiyar zafin bazara, ya soke faifan kwamfuta a aljihun gaba yadda kowa zai gani, ya hau bayan babur ɗin Mista Ephraim yana ɗaga wa mutane hannu. A rumfar Sarkin Kara an cika maƙil: dillalai, Buzaye, Fulani, mahauta, masu fura, da waɗanda ba su da aikin yi sai jin shari'a. Ga Sajo a tsugune da maƙerinsa da mai unguwarsa. Ga Kyauta da jaridarsa. Ga raƙumi a gefe yana tuƙa, shi kaɗai ne abin bai dama ba.

Sarkin Kara ya ce, "Samari, tambaya ɗaya ce. Na'urar nan taku, tana ƙara wa abu ko tana rage masa?"

Baffa ya gyara laktaye, ya juya ya fuskanci jama'a, don tambaya ɗaya ba ta isa ta hana shi lacca ba.

"Ranka ya daɗe, jama'ar kara, ina yi muku barka da shigowa ƙarni na ashirin da ɗaya, ko da yake saura shekara biyu. Kwamfuta ba dillali ba ce. Ba ta ƙari, ba ta ragi, ba ta san son kai ba. Abin da ta fitar shi ne gaskiyar abu, tatacciya, wadda idon talaka ba ya iya gani. Hoton da ke shafi na biyar aikin hannuna ne, kuma ina tsaye a kansa har gobe. Ko layi ɗaya babu kuskure a ciki. Duk wanda ya ce akwai, to ya ja da ilimi."

Kyauta ya washe baki har kunne. Mista Ephraim ya dafe kai da hannu biyu. Sajo ya dubi raƙuminsa, ya dubi gabas inda hadari ke taruwa. Ni da nake wurin, wallahi na ji kamar in cire takalmi in bi Dakta da shi.

Sarkin Kara ya ja carbi, ya ce, "To, magana mai nauyi ka yi. Amma ni ban san ka ba. Wa zai shaida mini kai ne mai aikin, ba wani aka ɗauko a tasha aka sa wa kwat ba?"

Wannan tambaya ta yi wa Baffa daɗi fiye da duk abin da aka taɓa tambayarsa. Ya karɓe jaridar daga hannun Kyauta, ya buɗe shafi na biyu, ya miƙa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ga ni nan. Babban Darakta. Hotona ne, da sunana a ƙasa."

Ban gaya muku kamannin Baffa ba tun farko, don ban ga abin da za su ƙara muku ba. Yanzu dole in faɗa. Gajere ne, baƙi, mai sanƙo tun daga goshi har ƙeya, da giɓi a haƙoran gaba, da tsagen Mangawa reras a kumatu biyu, irin na gidansu tun kakanni. Ba abin kunya ko ɗaya a ciki, haka rabin dattawan garinmu suke.

Sarkin Kara ya ce ya cire tabarau. Ya cire. Ya ce ya cire hula. Ya cire, rana ta haska. Dattijon ya ɗaga jaridar ya kara ta kusa da kuncin Baffa, ya dubi wannan, ya dubi wancan, a natse, yadda yake duba saniyar da ake gardama a kanta. A takarda ga wani dogon saurayi, fari sol, da suma cunkus an tsaga ta a gefe, haƙora jere kamar ƙwayar shinkafa, kumatu sumul ko ƙwarzane babu.

"Ina sanƙon?" in ji Sarkin Kara.

"Ranka ya daɗe, ai hasken ɗaki ne ya..."

"Ina giɓin?"

Baffa ya rufe baki.

"Ina tsagen gidanku? Wanzami ya zauna ya yi maka shi, uwarka tana kuka ubanka yana murna. Ina ka kai shi?"

Wani Buzu da ke baya ne ya fara fashewa. Daga nan rumfa ta kece. Mahauta suna dukan cinya, mai fura ta ajiye ƙwarya don kada ta zubar, wani tsohon dillali ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Aka riƙa miƙa jaridar hannu-hannu, kowa ya duba takarda ya duba Dakta ya sake fashewa. Mista Ephraim ya yi ƙoƙarin daurewa saboda mutuncin jarida, ya kasa, ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Sarkin Kara ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Jama'a, kun gani da idonku. Na'urar da ta cinye tsagen mutum tana kallonsa, ba za ta bar wa raƙumi lalas ba. Wannan takarda ba shaida ba ce. A kawo mini masu baki."

Maƙerin ya matso, ya juya wa raƙumin baya, ya zana sawun kaza a ƙasa da yatsa, ya faɗi wane yatsan sawun ne ya fi gajarta saboda dabbar ta fizge ranar da yake yi mata ƙunar. Aka duba wuya, haka yake. Mai unguwa ya faɗi ƙayar da ta tsaga kunnen da shekarar da abin ya faru. Sarkin Kara ya zare akala daga hannun Kyauta ya damƙa wa Sajo, ya ce wa Kyauta ya je ya nemo baƙon nasa na tsallaken iyaka, yana son ganinsa. Sajo ya riƙe igiyar nan da hannu biyu yana ta godiya, har raƙumin ma ya gode wa. Ko fura bai tsaya sha ba, ya ja abinsa ya kama hanyar gida don ya riga ruwa.

Dakta yana nan tsaye, hula a hannu ɗaya, tabarau a ɗaya, gumi ya jiƙa laktaye. Ya buɗe baki zai fara bayani a kan bambancin hoto da fasaha. Sarkin Kara ya ninke jaridar a hankali, ya sa masa a aljihun kwat, ya dafa kafaɗarsa.

"Ungo, ɗana. In ka koma Gumel ka gamu da mai hoton nan, ka gaishe shi. Ka ce masa in an sake kiransa shaida ya zo da kansa, ya daina aiko mana da kai."